Keken Raleigh da Baba ya bari: ta ina zan fara gyara, kuma me hukuma za ta nema a wurina?

Wani matashi daga Kano ne ya aiko da tambayar. Mahaifinsa ya rasu ya bar baƙin keke Raleigh, wanda ya yi kusan shekara 20 a jingine a ɗakin shirgi. Tayoyi sun ruɓe, kaca ta daskare, tsatsa ta kama kai da wili. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin A Daidaita Sahu, wato babur mai ƙafa uku na haya, ke cinye masa albashi, shi ya sa yake so ya tayar da keken ya riƙa zuwa aiki. Wani ya ce ya kai a kankare a fesa sabon fenti, wani kuma ya ce ya sayar wa 'yan gwangwan ya cika kuɗi ya sayi na gwanjo mai giya. Yana so ya san wanne ya fi, kuma ko akwai lasisi ko wata takarda da za a tambaye shi a titi.

Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kada ka sayar da keken nan, kuma kada ka kai shi wurin mai fenti tukuna. Na haura shekara 30 ina kwance kekuna ina ɗaurawa, kuma ba abin da ke ɓata mini rai a sana'ar nan kamar a turo mini tsohon Raleigh yana walƙiya da sabon fenti, in ɗaga ƙafar gaba in juya kai, in ji yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Kuɗin da ya kamata a sa a boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da sassan keke ke juyawa a kansu, da birki an kashe su a kan abin da ido ke gani. Fenti shi ne aikin ƙarshe, sau da yawa ma ba a bukatarsa.

Amma kafin ka ɗauki sifana, akwai maganar da ta riga gyara. Keken nan gado ne. In akwai sauran magada, a zauna a yi masa kuɗi a sa a rabonka, ko su yafe maka da bakinsu a gaban shaidu, kuma a rubuta a takarda. Yau ba wanda ya damu da shi saboda yana kwance cikin ƙura, amma ranar da ya fito yana sheƙi za a tuna cewa na Baba ne. Wannan takardar za ta yi maka wani amfanin a titi, zan zo kansa.

Abin da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin Raleigh ya samo asali ne a birnin Nottingham na Ingila tun wajen ƙarshen shekarun 1880, kuma har masana'anta ya taɓa yi a nan Kano. Ka duba tambarin da ke goshin keken, za ka ga kan zalɓe. A tsofaffin ma har farantin kaca an huda shi da siffar zalɓen. Phoenix na Sin da Hero na Indiya da suka cika kasuwa daga baya duk fasali ɗaya ne da shi: taya mai inci 28, birkin ƙarfe, kariya mai ɗaukar buhu. Wannan ya sa taya da tif da kaca da robar birki ba za su yi maka wuyar samu ba, ko a kasuwar ƙauye. Na gwanjo mai giya ya fi sauƙin nauyi, gaskiya ne, don naka ya doshi kilo 20. Sai dai Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, ba ka da tudun da za ka nemi giya dominsa, kuma kekunan gwanjo kowanne da irin kayansa, ranar da abin canjin giyar ya karye sai ka yi mako kana yawon neman irinsa.

Fara da firam, don shi ne keken. Sauran duk sawa ake yi. Wanke shi da ruwa da omo da tsumma, ka fito da shi rana. Sai ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututu biyun da suka haɗu da wuyan keken. In ka ji wani ɗan kumburi, ko ka ga fenti ya tattare a wurin kamar fatar tsoho, to keken ya taɓa karo da wani abu ta gaba, ƙarfen ya lanƙwashe. Ka tsaya a gefe ka dubi fok, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe wilin gaba: ya kamata samansa ya bi layin wuya sak, kafin ya ɗan lanƙwasa gaba daga ƙasa. In ya koma baya, alamar karo ce ita ma. Sannan ka samu zare, ka ɗaura a inda wilin baya ke zama ta dama, ka zagayo da shi ta wuyan keken, ka dawo ka ɗaure ta hagu. Auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In sun zo ɗaya, firam a miƙe yake. Tsatsar sama ba ta tsorata ni. Wadda nake tsoro ita ce ta ciki, musamman a ƙananan bututun da ke bayan gidan feda, inda ruwa ke kwanciya. Ƙwanƙwasa da sifana: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. In akwai tsagewa a mahaɗa, kada ka bari a ɗora masa waldar lantarki irin ta ƙofa. Da tagulla aka haɗa bututun nan, mai waldar gas wanda ya iya aikin tagulla shi ne zai taɓa shi.

In firam ya tsira, sai kwancewa, kuma a nan ake kashe yawancin tsofaffin kekuna. Kwana 2 ko 3 kafin ka fara, ka bi kowane noti ka ɗiga masa kananzir safe da yamma, har da inda sandar sirdi ta shiga da inda kai ya shiga wuya. Notin da ya ƙi, a ƙara masa kananzir a ba shi kwana, ba a sa masa guduma da kurfi. Ka tanadi gwangwanayen madara, kayan kowane sashe da gwangwaninsa, kuma ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai.

Ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Raleigh ɗin Nottingham yana da nasa zaren noti daban da na sauran kekuna. A gidan feda da wuya, zarensa 26 ne a kowane inci, alhali abin da ya zama gama-gari a kasuwa 24 ne. Da ido ba za ka bambance ba. In ka sa sabon kofi na kasuwa, wato mazaunin boris mai zare da ake ɗaurawa a gidan feda, zai shiga lafiya zagaye 2 ko 3, sai ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko dogon sifana ya danna da ƙarfi, ya cinye zaren firam ɗin, shi ke nan an yi wa keken illar da ba ta gyaruwa da sauƙi. An taɓa kawo mini wani haka, mai shi dattijo, ya ce tun yana saurayi ya saye shi da kuɗin gyaɗa. Da na leƙa cikin gidan fedar sai garin ƙarfe ke zubowa. Ya daɗe a tsaye riƙe da sirdin bai ce komai ba. Saboda haka kada ka yar da ko ƙwaya ɗaya daga cikin kofuna da notocin asali. Wanke su da kananzir, ka duba inda boris ke gudu. In wurin santsi ne, mayar da abinka. In ya yi ramuka, nemi na wani mataccen Raleigh a wurin tsofaffin masu gyara, yawancinsu suna da buhun irin waɗannan a ƙarƙashin benci. Duk abin da za ka ɗaura, fara da yatsu. In bai tafi da yatsu ba, ba nasa ba ne.

Boris kuwa a canza su duka, ba su da tsada. A gidan feda ƙwaya 11 ne kowane gefe, masu kwatan inci. Na wilin gaba sun fi ƙanƙanta, na wuya sun fi su ƙanƙanta kuma, don haka ka tafi kasuwa da samfurin kowanne, kada ka gauraya tsoho da sabo. Cika kofin da giris, ka jera su a ciki. Wajen ɗaurewa ana neman tsakiya ne: ya juya ba cijewa, kuma in ka girgiza kada ka ji ƙwas-ƙwas. Wilin gaba na Raleigh yana da wata ɗabi'a: cikin mazugai biyun da boris ke gudu a kansu a cibiyar wilin, ɗaya a kafe yake, ɗayan ne ake juyawa. Kafaffen dole ya kasance a hannun dama in kana kan keken. In aka juya wilin aka sa shi a hagu, tafiya za ta riƙa ɗaure mazugin da kanta har ta murƙushe boris ɗin. Fedar hagu kuma zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran.

Sai kota, wato ɗan ƙarfen nan mai noti da ke riƙe hannun feda. Sassauta notin har ya zo daidai da bakin kotar, ka tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu a kan dutse, yadda dukan ba zai sauka a kan boris ba, sannan ka ba shi duka ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan duka da yawa lanƙwasa shi suke yi. Wajen mayarwa, kotar dama da ta hagu su fuskanci saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba, za ka ji kana tuƙi kamar mai ɗingishi. Da guduma ake zaunar da kota, notin riƙewa kawai yake yi. Wanda ya ce zai ja ta da noti, zaren zai tsinke a hannunsa.

Birki shi ne inda ba na yarda a yi tsimi. Birkin ƙarfe yana jawo roba ne sama ta kama cikin wili, ba gefensa ba. Don haka bai isa a ce wili ba ya kaɗawa hagu da dama ba, dole ya zama da'ira sosai, ba tudu ba kwari. In yana da tudu, birki zai riƙa kamawa yana saki, keken yana fizga. Wannan aikin mai ɗaurin wili ne, ka kai wa wanda ya ƙware, ya canza wayoyin da suka ruɓe ya daidaita sauran. In tsatsa ta huda wilin ta ciki, inda tif ke kwanciya, a sayi sabo. Robar birki sabuwa za ka sa ko da tsohuwar ba ta cinye ba, don roba mai shekara 20 ta zama dutse. Ka lura da gidan robar: gefe ɗaya a toshe yake, ɗaya a buɗe. Toshasshen ne zai kalli gaba. In aka juya shi, ranar da ka matse birki da ƙarfi wilin zai fizge robar ya yar, ka rage da ƙarfe a kan ƙarfe. Kuma ka sani tun yanzu, wilin ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya kama shi da wuri. Da damina ka fara matsawa tun daga nesa, ka bar robar ta share ruwan tukuna.

Wajen sayen taya ka karanta jikinta. Taka ita ce 28 x 1½, wadda ake rubuta wa 635. Akwai wata da ke zuwa a kekunan gwanjo na Turai, ita ma wani lokaci an rubuta mata 28, amma lambarta 622, ba za ta hau wilinka ba ko za a kwana ana dannawa. Kafin a sa tif a shimfiɗa ƙyallen roba a cikin wilin ya rufe kawunan wayoyi. Yankakken tsohon tif ma ya isa. Faci kuwa ka koya da kanka. A goge wurin da samfefa, a shafa sholisho kaɗan, a jira ya bushe har ya daina kama yatsa, sannan a manna. Gaggawar mannawa tun yana da danshi ita ke sa faci tashi. Kuma kada ka mayar da tif sai ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, don ƙayar tsidau takan karye ta zauna a ciki, ka yi faci ka hau, kafin ka kai bakin layi ta sake hudawa.

Kaca in ta daskare a canza ta. Kada ka zuba mata baƙin man da aka juye daga inji, kada kuma ka sa man gyaɗa. Na farko yana tara ƙura ya zama kamar samfefa, musamman da hunturu, na biyu yana daskarewa ya yi danƙo. Sabon man inji kaɗan, a ɗiga a goge. In cibiyar wilin baya mai kauri ce an rubuta Sturmey-Archer, to galibi mai giya 3 ne, kuma a jikinta akwai lambobin shekara da watan da aka ƙera ta, misali 74 da 6 na nufin Yunin 1974. Ita mai take sha ta ɗan murfin da ke jikinta, kada a cusa mata giris.

Yanzu ne za mu zo kan kyau. Tsatsar kai da sandunan birki, ka dunƙule takardar alminiyam ka tsoma a ruwa ka goga, za ka yi mamakin hasken da ke ƙasa. Ƙananan notoci a jiƙa su a ruwan khal kwana ɗaya, a wanke a shafa mai. Baƙin fentin asali gasa shi aka yi a masana'anta, ya fi duk abin da za a fesa maka a bakin titi ƙarko. Goge shi da man goge mota, inda ya ɓare ka ɗiga baƙin fenti da ɗan buroshi, ka bar zanen ruwan zinaren nan da rubutun yadda suke. Inda hannun Baba ya cinye fentin, ni dai da nawa ne ba zan rufe ba. Sirdin in na fata ne, shafa masa man kaɗanya kaɗan ta ƙasa, kada ka yi saurin ɗaure notin da ke hancinsa, busasshiyar fata tsagewa take yi. Tsawonsa kuma, in ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe.

Batun hukuma ya fi yadda kake tsammani sauƙi. Ba a neman lasisin tuƙi a wurin mai keke, ba a yi masa lambar mota. Lasisin keke da ka ji dattawa suna ambata tun zamanin En'e yana nan a rubuce: Jadawali na 4 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa ba da lasisin kekuna da amalanke da kwalekwale cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Don haka in za a karɓi wani abu a kan keke, hurumin ƙaramar hukumarka ne. Ka leƙa ofishin haraji na sakatariya ka tambaya, in akwai ka biya a ba ka rasit, kada ka miƙa wa kowa kuɗi a titi ba takarda.

Abin da ya fi jawo wa masu keke shiga hannun 'yan sanda shi ne zargin sata. Kowane Raleigh yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfen, ko a saman bututun sirdi ko a ƙarƙashin gidan feda. Nemo ta, ka rubuta ta a takardar gadon nan, ka ɗauki hotonta da na keken ka ajiye a waya. Wannan wani dalili ne na ƙin kankarewa da fenti mai kauri: lambar da aka shafe tana sa a yi maka kallon ɓarawo. In kuma za ka sayi wili ko sirdi na hannu, saya a wurin mai shago da aka sani. Karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa a dokar laifuffuka ta Final Kod, kuma arhar da ta wuce hankali ita ce shaidar farko da za a kafa maka.

A kan titi kuwa, ka ɗauki kanka a matsayin mai abin hawa, don haka doka ta ɗauke ka. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kai ma nan ne wurinka. Na san abin da ke sa masu keke bin hannun da ba nasu ba: suna ganin gara su riƙa kallon motar da ke zuwa. Wannan tunanin ya kai mutane da yawa asibiti. Direban da zai fito daga layi ya shiga babban titi hagunsa yake kallo, inda motoci ke tahowa, ba ya tsammanin kowa daga dama. Ga shi kuma gudunka da nasa haɗuwa suke yi. Danja in ta tsayar da motoci ta tsayar da kai, haka in ɗan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko ɗan sanda ya ɗaga hannu. A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya. Kafin ka karya kwana ka waiga, ka miƙa hannu tun da sauran tazara. Littafin ƙa'idojin hanya na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, yana da sashen masu keke, kuma abin da yake nema bai wuce hankali ba: birki mai kamawa, taya mai lafiya, fitila da dare, a bi juna a layi ɗaya, kada a kama jikin mota tana tafiya.

Fitilar nan kada ka ɗauke ta abin ado. Baƙin keke, da magariba, ga ƙurar hunturu, ga unguwa ba wuta, wallahi direba ba ya ganinka sai ya zo kanka. Farar fitila a gaba, ja a baya. Dainamon da ke gogar taya yana mutuwa da zarar ka tsaya, wato a mahaɗa, inda ka fi bukatarsa, don haka ka ƙara da 'yar fitila mai caji. Farin fentin da ke wutsiyar madigadin baya ma ba kwalliya ba ce, don a hango ka aka yi shi, ka sabunta shi. Ka sayi hular kwano ta keke ka riƙa sawa, ko da abokai za su yi magana. Ƙararrawa ta yi aiki. In kana sa dogon wando ko babbar riga, ka tattare, kaca ba ta da tausayi in gidanta ya cire.

Abu biyu nake ji maka tsoro a titunan Kano. Na farko A Daidaita Sahu, wanda zai sha gabanka ya taka birki saboda ya hango fasinja. Ka bar tazara tsakaninka da shi, yatsunka a kan birki. Na biyu tirela da tifa, musamman a Titin Zariya da Titin Hadeja. Kada ka taɓa shiga tsakanin babbar mota da bakin titi a kusa da kwana. Direban ba ya ganinka daga inda yake zaune, kuma in ya karya dama ƙafafun baya suna yanko kwanar su share duk abin da ke wurin. Tsaya a bayanta ta wuce. Gadar sama irin ta Ƙofar Nassarawa kuma ka bar wa motoci, ka bi ta ƙasa ko da za ka ƙara minti 5. Goyo da ɗaukar kaya masu nauyi ka jinkirta su sai hannunka ya saba da birkin.

Ranar da aka gama ɗauri, kada ka fara da hanyar ofis. Zagaya unguwa da sassafe, ka gwada birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan sassauta riƙon kai ka ji ko yana ja gefe. Bayan mako guda ka mayar da shi wurin mai gyara: a ƙara zaunar da kota, a bi wayoyin wili don sababbi suna saki, a ja kaca, a sake duba notocin sandunan birki ɗaya bayan ɗaya.